Mahaɗar Kaduna: Tarihin Dogo a Kudancin Kogi

Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaduna tana kudancin kogi ne, ɗan taƙi kaɗan daga gada, a kan hanyar shiga Makera da Kakuri. A takardun reluwe sunanta Kaduna Junction, wato mahaɗar Kaduna, domin nan ne dogon da ya taso daga Legas yake gamuwa da wanda ya taso daga Fatakwal, su zama ɗaya, su haye kogi su nufi Zariya da Kano. Akwai wata ƙaramar tasha a cikin gari, arewacin kogi, amma uwar ita ce ta kudu. Dogon nan ya girmi birnin. Sa'ad da aka shimfiɗa shi babu gidan gwamna, babu barikin soja, babu kasuwa, sai ƙauyukan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, a warwatse cikin kurmi da fadama, a ƙasar Zazzau. Sunan unguwar Kurmin Gwari da ke Kakuri ya riƙe wannan tarihi har yau.

Aikin ya soma ne a 1907, shekarar da Percy Girouard ya gaji Lugard a kan mulkin Arewa. Girouard mutumin Kanada ne, injiniyan soja, kuma da aikin dogo ya yi suna: shi ne ya ja layin da ya keta hamadar Sudan daga Wadi Halfa, wanda rundunar Kitchener ta bi ta je ta yaƙi mutanen Mahadi. An kawo shi Arewa ne don ya sake irin wannan aiki da kuɗi kaɗan. Masu masaƙu a Ingila suna neman auduga, gwamnati kuma tana son hanyar da za ta kai soja ko'ina cikin gaggawa. Sai aka zaɓi Baro, wani ƙauye a bakin kogin Kwara, inda jiragen ruwa ke iya isowa da ƙarafa idan ruwa ya cika, aka ja layi daga can zuwa Kano, mil 356. Faɗin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe ƙafa uku da rabi ne, wato milimita 1,067, daidai da na Sudan da na Afirka ta Kudu. An zaɓi wannan awo ne don ya fi arha, kuma yana jure kwana da hawa, amma ba ya son gudu. Wannan zaɓi na ranar farko shi ne ya ɗaure jirgin ƙasar Najeriya har shekara ɗari.

Hannun talakawa ne ya yi aikin. Turawa kan aika wa sarki da adadin mutanen da suke so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, a taso ƙarti daga gonakinsu su yi makonni suna saran daji da haƙa da ɗaukar ƙasa a kwando. Ana biyan su, amma ba a tambayar yardarsu, kuma da yawa sun gudu. Biyan ma da wata manufa a ƙarƙashinsa: da kuɗin ƙarfe na Turawa ake yi, sule da sisi, don mutane su saba da su, su bar wuri, su kuma samu abin biyan haraji. A watan Maris na 1911 ƙarfen ya isa Kano. A wannan tsakani layin Legas ya biyo ta Ilori da Jebba da Zungeru ya haɗu da na Baro a Minna, kuma a 1912 aka haɗe hukumomin biyu suka zama ɗaya, shekara biyu kafin a haɗe Kudu da Arewa su kansu. A Jebba kuwa sai da jirgin ruwa ya riƙa fiton taragu zuwa ƙetare har 1916, lokacin da aka gama gada.

Da Lugard ya dawo a 1912 sai ya ga Zungeru ba ta yi masa ba: ga zafi, ga sauro, ga nisa daga manyan masarautu. Ya nemi wuri mai ruwan sha wanda ba ya ƙafewa, mai iska, a kan dogo, wanda kuma ba birnin wani sarki ba ne. Inda dogo ya haye kogin Kaduna ya cika waɗannan sharuɗɗa. Soja suka fara tarewa, sa'an nan a 1917 ofisoshin gwamnati suka taso daga Zungeru. Har wata ƙaramar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa aka kwance daga can aka kawo, tana nan a lambun Gamji. Tun daga lokacin aka yi rabon da ya bi garin: arewacin kogi na mulki ne, da gidan gwamna da sakatariya da bariki da filin sukuwa; kudancin kogi na aiki ne, da tasha da rumbunan kaya da gidajen ma'aikata.

Tashar ba ta zama mahaɗa ba sai da layin gabas ya iso. An gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, aka kafa tashar ruwa ta Fatakwal don fitar da shi, dogo ya kai Inugu a 1916. Niyyar tun farko ita ce a zarce da shi har Kaduna, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye kuɗi da ƙarfe. Bayan yaƙi aka ci gaba ta Makurɗi da Kafanchan, kuma kafin ƙarshen 1927 an haɗe shi da na Legas a nan kudancin kogi, aka kuma fitar da reshe daga Kafanchan zuwa Jos. Gadar Binuwai a Makurɗi ta biyo baya a 1932. A waɗannan shekaru ne kuma aka ja reshen Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, da na Kano zuwa Nguru a 1930. Na ƙarshe, wanda ya bi ta Bauci da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Duk wanda ya dubi taswira zai ga hannaye biyu sun miƙo daga teku sun haɗu a Kaduna. Abin lura shi ne, duk da haka ba a nan aka ajiye manyan wuraren gyara ba. Waɗannan suna Ebute Metta da Inugu da Zariya. Kaduna wurin wucewa ce da sauya jirgi.

Dogon layi ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke. Saboda haka jiragen biyu ba sa wuce juna sai a tasha, inda aka yi layi na biyu a gefe. Kafin direba ya bar tasha sai an miƙa masa wata sandar ƙarfe da aka zaro daga na'ura a ofishin shugaban tasha, kuma na'urar ba ta sakin wata sai an mayar da wannan a tasha ta gaba. Wanda ke riƙe da sanda shi ke da hanya. Wannan ne dalilin doguwar tsayuwar da fasinja kan yi a ƙananan tashoshi irin Kakau da Gwagwada da Sarkin Pawa, a tsakiyar daji, ana jiran wani jirgi ya iso ya wuce. Kan jirgi mai aiki da tururi kuma dabba ce mai ci da sha. A mahaɗa akan cire shi daga taragu, a kai shi ƙarƙashin famfon da ke da dogon hanci a cika masa tanki, a loda kwal na Inugu, a kwashe toka, mai mai ya zagaya da butarsa yana ɗiga wa gaɓoɓi. Wani kuma ya bi taragu da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, yana saurare, domin ƙarfen da ya tsage ba ya amsawa da ƙara mai daɗi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka mutum ne da iyalinsa. Direbobi da masu zuba kwal da akawuna da masu buga waya da makanikai, yawancinsu a farkon zamani daga Kudu suka zo, Yarabawa da Ibo da mutanen bakin ruwa, har da na Saliyo da Gwalkwas, domin su suka riga shiga makarantar boko. Leburorin gyaran layi da 'yan dako kuwa Hausawa ne da Nufawa da Gwarawa da Tibi da mutanen kudancin Zazzau. Hukuma ta gina wa na sama kwatas, na ƙasa suka kafa bukkoki a gefe, masu abinci da masu wanki da dillalai suka biyo su. Haka kudancin kogi ya tashi garin baƙi, inda kowa ya zo daga wani wuri, Hausa kuma ta zama harshen da ake haɗuwa a kai. Ma'aikatan reluwe su ne suka fara sanin albashin wata da fansho da ƙungiyar ƙwadago. A yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan reluwe ya yi fice a cikinsa, jirage sun tsaya fiye da kwana 40, kuma a lokacin ne gwamnatin mallaka ta gane cewa wanda ke riƙe da dogo yana riƙe da maƙogwaron ƙasa.

Auduga Turawa suka sa wa rai, amma manoman Kano suka ba su gyaɗa. Tun daga kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har taragu suka kasa, kuma daga wannan rashin isassun taragu ne dalar gyaɗa ta samo asali, wadda ake jingina farkonta ga Alhassan Ɗantata. Buhunan nan duk ta kan gadar Kaduna suke bi. Fatu da ƙiraga da auduga da shanu su gangara, goro da gishiri da kananzir da atamfa da siminti su hau. Fataucin goro ya sake kama gaba ɗaya. Ayarin da kan yi watanni tsakanin Kano da Gwanja, da jakuna da madugu da zango-zango, ya zama tarihi, domin goron da aka ɗaure a ganye a ƙasar Yarabawa yana isowa cikin kwana biyu ko uku bai bushe ba. Zangunan Hausawa na Ibadan da Shagamu da Agege sun bunƙasa ne a kan wannan ciniki.

Ga fasinja, isowar jirgi a mahaɗa biki ne na ɗan lokaci. Tun kafin a hango hayaƙi ake jin ƙarfe yana tsuwa. Da ya tsaya sai dandamali ya rikice: 'yan talla da farantan ƙosai da dafaffen ƙwai da rake da lemo suna miƙawa ta taga, mai shayi yana zuba wa waɗanda suka kwana a zaune, wasu sun ruga famfo da butoci don alwala, sun shimfiɗa buzu a gefen tarago suna salla da kunne ɗaya a kan usur. Tikiti ɗan kwali ne mai kauri, da sunan tashar tashi da ta sauka, mai duba tikiti ya huda shi da ɗan almakashinsa. Aji uku ne. Na ɗaya da gado da fanka da ɗakin cin abinci, kuma a zamanin mallaka kusan na Turawa ne kaɗai. Na uku bencin katako ne, mutum da tabarmarsa da ƙunshinsa da kajinsa, idan an yi rashin sa'a da akuyar maƙwabci. Wanda ya fito daga Kano za shi Jos ko Inugu, idan jirginsa na Legas ne, nan yake sauka ya jira na gabas, wani lokaci har ya kwana. Kasuwar da ke bakin tasha, wadda ta yi suna da doya da lemo da ayaba na ƙasar Tibi da Kudu, daga wannan jira ta tsiro.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba: dogon Najeriya bai taɓa ƙetare iyakar ƙasa ba. Ya tsaya a Ƙauran Namoda, ya tsaya a Nguru, ya tsaya a Maiduguri. Ingila da Faransa kowacce ta ja nata layi ne daga gona da ma'adini zuwa tashar ruwanta, ba don maƙwabta su ziyarci juna ba. Ko da an so haɗawa ma, awon ya saɓa, domin layukan Dahomey da Kamaru mita ɗaya ne cif, Nijar kuwa ba ta da dogo sam a lokacin. Duk da haka, kusan shekara 40, wanda zai fita waje daga tsakiyar Arewa ta teku, a jirgin ƙasa yake fara tafiyarsa, kuma sai ya ratsa wannan tasha.

Hanya ta farko ita ce ta Ingila. Jiragen ruwan kamfanin Elder Dempster suna tashi daga Legas zuwa Liverpool, tafiyar kusan mako biyu, kuma reluwe tana da jirgi na musamman da ake tsara lokacinsa da zuwansu da tashinsu, yana ɗauke da wasiƙu da joji-joji da di'o-di'o masu tafiya hutu. Daga Kaduna zuwa Legas kimanin kilomita 900 ne. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya fita ta teku a 1921, ya biya ta Ingila ya gana da Sarki George na Biyar, sa'an nan ya wuce Makka. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka ziyarci Ingila tare. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, Abubakar Imam editan Gaskiya Ta Fi Kwabo ya tafi cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Bayan yaƙi malaman makaranta irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano suka tafi ƙaro karatu a Landan. Mutumin da ya saba da jirgin da ke jan ciki yana jiran sanda a kowace tasha, idan ya sauka a Liverpool sai ya tarar da layuka bibbiyu da jirgin da zai kai shi Landan cikin 'yan sa'o'i, a Landan kuma ga wani yana gudu a ƙarƙashin ƙasa. Tafawa Ɓalewa ya zama ministan sufuri daga baya, kuma a zamaninsa ne, a 1955, aka mayar da reluwe hukuma mai cin gashin kanta.

Hanya ta biyu ta soja ce, kuma ta fi ta farko yawan mutane nesa ba kusa ba. Kaduna garin bariki ne. A Yaƙin Duniya na Biyu dubban samari daga Arewa aka loda a taragu zuwa Legas, aka sa su a jirgin ruwa zuwa Indiya cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a 1943 da 1944. A can suka sake hawa jirgin ƙasa, suka keta ƙasar da dogonta ya fi nasu faɗi da tsawo, kafin su shiga dajin Bama su gamu da Japanawa. Waɗannan 'yan Bama, yawancinsu manoman da ba su taɓa ganin teku ba, su ne Hausawan farko da suka yi doguwar tafiya a jiragen ƙasar Asiya da yawa haka.

Hanya ta uku ta alhazai ce, kuma gabas ta nufa. Kafin jirgin sama ya karɓe aikin hajji daga shekarun 1950, maniyyaci kan hau jirgin ƙasa iyakar inda ya tsaya, Jos ko Nguru, ya shiga babbar mota zuwa Maiduguri, ya haye zuwa Fort Lamy, wato Injamena ta yau, ya keta Wadai da Darfur. A El Obeid, inda dogon Sudan ya isa tun 1912, sai ya sake samun jirgi, ya haye Farin Nilu a Kosti, ya bi har Port Sudan a bakin Bahar Maliya, daga nan sai fito zuwa Jidda. Daga 1959 dogon ya matso yamma har Nyala. Wanda ya bi wannan hanya ya hau layi biyu masu awo ɗaya, waɗanda hannun Girouard ya taɓa kowannensu, da tazarar sama da kilomita dubu ta rairayi da laka a tsakani wadda ba a taɓa cikewa ba. Da yawa guzurinsu ya ƙare a hanya suka tsaya noman auduga a Gezira, kuma zuriyarsu tana Sudan har yanzu.

Dogon ne kuma ya jawo masana'antu kudancin kogi. Gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957 tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, a wurin da auduga za ta iya saukowa daga Zariya da Gusau, injuna su hawo daga Apapa, ga kuma ruwan kogi a kusa. Masaƙun UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a tsakiyar shekarun 1960, tare da kamfanin giya da ma'aikatar ƙera makamai ta soja da aka kafa a 1964, sa'an nan Peugeot ta fara haɗa motoci a 1975. Jiniyar masaƙa ta zo ta tarar da usur na jirgi, su biyun suka zama agogon Kakuri da Makera da Nasarawa. A 1964 reluwen Najeriya ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3.

Daga nan sai gangara. Kashe-kashen 1966 sun kori dubban mutanen Gabas daga Arewa, da yawansu a taragun layin gabas suka tsere, kuma cikinsu akwai direbobi da makanikai da shugabannin tasha waɗanda ba a maye gurbinsu cikin sauƙi ba. Yaƙin basasa ya yanke layin Fatakwal daga 1967 zuwa 1970. Bayan yaƙi kuɗin mai ya tafi ga kwalta, tirela da tanka da bas suka kwashe kaya da mutane, gyaɗar fitarwa kuma ta ƙare da fari da cuta. Zuwa 1974 fasinja sun ragu zuwa miliyan 4 da 'yan kai. An ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, da suka tafi aka koma gidan jiya. An naɗa Samuel Ogbemudia ya riƙe hukumar a 1989, an kawo kamfanin CCECC na ƙasar Sin a zamanin Abacha, kowanne ya yi ɗan abin da ya yi. Cutar dai ɗaya ce: layin da aka shimfiɗa don jan gyaɗa a hankali ba zai yi tsere da mota ba, kuma ba a taɓa zuba masa kuɗin da zai miƙe kwanoninsa ba. Masaƙun ma suka bi sahu, Kaduna Textiles ta rufe a 2002. Taragu suka yi tsatsa a layukan gefe, ciyawa ta rufe ƙarfe, 'yan kasuwa suka baza kaya a kansa, tsofaffin ma'aikata suka yi ta jiran fansho.

Wannan tsohon dogo yana da masoyansa, na gida da na waje. A Turai akwai mutanen da sha'awarsu ita ce bin jiragen ƙasa, su rubuta lambar kowane kai, su ɗauki hotonsa, su san masana'antar da ta ƙera shi da shekarar. Da tururi ya ƙare a layukan Ingila a 1968, irin waɗannan suka riƙa fita ƙasashen da bai mutu ba tukuna, Afirka na ciki. Abin da Najeriya ta fi shahara da shi a wurinsu shi ne kawunan da aka sa wa sunayen koguna, waɗanda masana'antar Vulcan Foundry ta fara kawowa a 1948, masu manyan ƙafafu takwas na ja, da biyu a gaba, biyu a baya. An yaba ƙirarsu har aka kwaikwaye ta don dogon Afirka ta Gabas. Kawunan dizal sun fara shigowa a tsakiyar shekarun 1950, kuma a hankali suka ture na kwal. Francis Jaekel, wanda ya yi shekaru yana aiki a reluwen Najeriya, ya rubuta tarihinta cikin juzu'i uku, kuma wani tsohon gida a harabar reluwe ta Ebute Metta da aka mayar gidan tarihi yana ɗauke da sunansa. Da aka gyara layin Legas zuwa Kano, mai kilomita 1,126, aka sake buɗe shi a watan Disamba na 2012, 'yan jarida da masu yawon buɗe ido daga waje sun zo sun hau, suka yi sama da sa'a 30 a hanya, suka tsaya a mahaɗar Kaduna kamar yadda ake yi tun zamanin kakanni.

Sabon dogo da ya zo bai bi ta tsohuwar tasha ba. Layin Abuja zuwa Kaduna, mai kilomita 186, wanda CCECC ya gina da rancen bankin ƙasar Sin, awonsa milimita 1,435 ne, irin na Turai da Sin, don haka jirginsa ba ya hawa tsohon ƙarfe, na tsohon ma ba ya hawa nasa. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi ranar 26 ga Yuli, 2016. Ya taso daga Idu, ya biyo ta Kubwa da Jere da Rijana, ya zagaye gari ta yamma ya ƙare a Rigasa. Mutumin Barnawa ko Sabon Tasha ko Kakuri, wanda unguwarsa ta tashi a gindin dogo, yanzu sai ya haye kogi ya keta gari kafin ya hau jirgi. Jama'a sun rungume shi, musamman da satar mutane ta addabi hanyar mota, har ranar 28 ga Maris, 2022, da 'yan bindiga suka dasa bam a kan layin, suka kashe fasinjoji, suka tafi da fiye da mutum 60. Na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba, jirgin kuma ya koma aiki a watan Disamba.

Abin da ya rage wa kudancin kogi shi ne kaya. A watan Janairu na 2018 aka buɗe tashar tsandauri a Kakuri, inda ake iya sauke kwantena da yi mata aikin kwastan ba sai a Legas ba, kuma da tsohon layi aka haɗa ta. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layi daga Kaduna zuwa Kano, da wani daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil na Fotugal. Idan aka gama na Maraɗi, shi ne zai zama dogon Najeriya na farko da ya shiga wata ƙasa.